Siminti a Fuska, Ruwa a Ɗakin Inno

…kuma duk a kan buhu huɗu na siminti. Huɗu fa. Jibo na tsaye a ƙofar gidansa a Rawayau, diga a hannu, yana kallon zauren nan kamar yau ya fara ganinsa. Shuɗin fenti. Sumul, kamar goshin ango. Shi ya yaɓe shi bara da hannunsa, da dangin mijin Zaituna za su zo daga Dutsin-Ma, don kar a koma a ce 'yarsa daga kango ta fito. To, ba a faɗa ba. Madalla. An ci riba.

Gidan abokinsa Lawal, jar lamba. Gidan Ashafa, jar lamba. Duk bangon da ma'aikatan gwamnati suka shafa wa jan fenti, an ce kwano bandir biyu, da katako, da siminti: tallafin gyaran gidajen talakawa. Ashafa — mai shanu goma sha biyu — wai talaka. Katangarsa ta waje ce ta zube, ita ma bijiminsa ne ya sosa ƙugu da ita. Amma a hoto ta yi kyau. Talauci ma ashe sai ya iya tsayuwar hoto…

Su ma'aikatan ba su shiga gida. Ta ina? Maza uku, waya a hannu, ga BA SHIGA a saman ƙofa. Wa ya rubuta? Shi. Har da zanen fure a gefe, ɗan iya. Daga waje suke ɗauka. To wa ya ga ɗakin Inno? Azara biyu sun karye, rufin ya sauko kamar cikin akuya mai 'yan biyu. Tasa nan, roba can, tukunyar miya a kan gado… ɗis… ɗis… tsohuwar da ta haife shi ta ja tabarma lungu, wai "Ba komai, Jibo, ruwa rahama ne." Rahama. Ranar da rahamar ta sauko da azara fa?

Kuma an tambaye shi. Nan ne abin ke ci. Mai gilashin cikinsu ya ce, "Maigida, akwai matsala a ciki?" 'Yan majalisar hira ta bakin hanya duk sun zubo ido, haƙora a waje, suna jira. Jibo ne fa — wanda ya sa wa Lawal kwaɗo a aljihun babbar riga ranar suna. Baki ya riga shi: "Yallaɓai, fankar sama ce kawai ke gudu da yawa." Fanka. A gidan da ko waya ba a ja ba. Aka kwashe da dariya, mai gilashi ma ya dara, ya taɓa wayarsa, suka wuce.

To da me zai ce? Uwata na kwana cikin ruwa? A bakin hanya, a gaban Lawal? Namiji ya kwance wa gidansa zani da bakinsa…

Ya bi su har ofis, ƙafa duk taɓo. An rufe ɗaukar suna. Amma Alhamis za su dawo duba waɗanda ruwa ya yi wa ɓarna — ɓarnar da ido ke gani daga waje. Lawal ne ya miƙo digar. "Sara uku a bangon zaure, ɗan banza, ka ce ruwa ne."

Sara uku. A ina? Nan, inda Baba ke jingina bayan La'asar? Ko can, inda aka shimfiɗe shi kafin a kai shi makwancinsa? Baba, kai ka ɗora tubalin nan ɗaya-ɗaya, ɗanka ya sa masa kwalliya, yau kuma… zaure ko uwa. Wannan ma tambaya ce?

Gabas ta yi baƙi. Iska na ɗaga buntun gero. Ya ɗaga digar. In ya sara, su zo Alhamis, ya tsaya ya ce musu gaskiya, Inno ce, wallahi Inno ce… Lawal zai fara dariya, Ashafa ya karɓa. Ko kuka ya yi, cewa za a yi Jibo ya zo da sabon salo. Shekara arba'in yana koya wa garin nan kar a yarda da fuskarsa. Sun koya.

Ɗigo na farko a kan hannunsa. Daga ciki, murya ƙasa-ƙasa:

"Jibo… miƙo mani tasar nan."

Digar na sama. Nauyi gare ta. Da can ba ta kai haka nauyi ba…