Gadin Kwale-kwale

Ranar Asabar da yamma Tela yakan lulluɓe kekensa da tsumma, ya kakkaɓe teburin yanka, ya shimfiɗa taswira. Takardar fitar da samfurin riga ce, ya zana mata duwatsu da garuruwa da allin ɗinki, in labari ya yi nisa sai a liƙa mata wata da salatif. Wasan nasu na baka ne: Tela ke ba da labari, kowa da jaruminsa, in jarumi zai yi abin kasada sai a jefa ɗan lido mai fuska ashirin a ga ko zai dace. Jaruman kuwa maɓallai ne da aka tsinto a gwangwanin shago.

Yau ba a fara da wasa ba. Direba, abokin Tela, ya shigo yana kaɗa waya, ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Masu buga littafin wasan nan za su fitar da sabon bugu! Sun ce duk mai shawara ya turo. Yau bakina ya samu aiki."

"Dama yaushe ya huta?" in ji Nas, ƙanwar Tela, wadda daga asibiti ta biyo, da takalman aiki a ƙafarta.

Direba bai kula ta ba, ya hau dannawa yana faɗa da ƙarfi. Na farko, a rage tsawon faɗa. Faɗa da wani ƙaton kada ya taɓa cinye musu Asabar sukutum, har ƙafarsa ta yi sanyi kafin jifa ya zagayo kansa. Na biyu, a daina lissafin nauyin kaya.

"Duk mako ina fama da lodi a mota, in zo hutawa kuma a ce jakata ta yi nauyi?"

"To rubuta nawa," in ji Nas. "A ba mai magani takobi. A wurin aiki jinya, a wasa ma jinya. Ku je ku tsokano dodo, ku dawo kuna 'Anti, Anti, ɗaure min.' Na gaji."

"Takobi a hannunki? Allurarki ma ya muka ƙare da ita?" in ji Direba.

Tela yana jinsu kamar rediyon maƙwabci. Ba ya jin haushi, ba ya jin daɗi. Haka yake tun bara: ya yanka, ya ɗinka, ya ci abinci in an ajiye masa. Hannunsa na jera maɓallai, jan na Direba, farin na Nas, a bakin ƙofar wani birni da ke tsakiyar tebur.

"Yaya, kai fa?" in ji Nas. "Kai ne mai riƙe da littafin dokoki. Me kake so su gyara?"

"Duk yadda suka yi."

Direba ya ci gaba da karantawa, sai muryarsa ta rage gudu. A sabon bugun, an ce, labarin duniyar zai yi tsalle zuwa zamanin jikoki. Sabuwar taswira, sababbin jarumai. Tsofaffin jarumai kuwa, kowa ya rufe labarin nasa yadda ya ga dama.

Babu wanda ya kalli gefen tebur, amma kowa ya san abin da ke wurin. Farkon taswirar ya daɗe da zarce katako, yana reto ƙasa kusa da kwandon ƙyallaye. A jikinsa akwai kogi da shuɗin alli, da koren maɓalli da aka soke da fil don kada ya faɗi.

Na Auta ne, ƙanen Tela da Nas. A teburin nan, in mutum bai samu zuwa ba, ba a kashe masa jarumi, ba a kuma ba wani ya riƙe. Sai Tela ya ce, "Wane yana gadin kwale-kwale," a wuce. Direba ya sha yin gadin nan in tafiya ta kama shi. Asabar ɗin da aka kwantar da Auta a asibiti, jaruman sun haye kogi ke nan, Tela ya ce, "Auta yana gadin kwale-kwale." Kafin wata Asabar Allah ya yi masa rasuwa. Da suka dawo wasa bayan watanni, Tela ya buɗe baki zai fara labari, maganar ta fito da kanta. Tun daga nan kowane mako da ita yake farawa, da irin muryar da yake ce wa mai kaya ya dawo jibi. Jarumai sun ƙetare hamada, sun hau duwatsu, sun manta kalar ruwa. Auta na gadi.

"Sai mu ƙi sabon bugun," in ji Direba, yana cusa waya a aljihu. "Tsohon me ya yi? Ni dama surutu ne kawai."

"Sai mu ƙi," in ji Tela.

Nas ta cire takalmi ɗaya, ta murza ƙafa. Sannan ta dubi Tela.

"Yaya, yaron nan ko layin burodi ba ya iya tsayawa. Kai ka sani. Ka bar shi a bakin ruwa shekara guda."

"Wasa ne, ke."

"To in wasa ne, mu yi wasan. Ni mai maganina ta juya. Za ta koma kogi."

Ta ɗauki farin maɓallinta. Direba ya dube ta, ya dubi Tela, ya ɗauki jan nasa.

Doka ce: in mai jarumi ya ce ga inda za shi, mai labari ba ya hana shi. Tela bai taɓa karya ta ba. Ya miƙe, ya naɗe birnin da duwatsun da hamadar, ya jawo farkon taswirar kan tebur. Takardar ta yi ƙura, fil ɗin ya yi tsatsa, ya bar ɗigo a bakin kogin. Bai sa su jefa ɗan lido ko sau ɗaya a hanya ba.

"Kun iso," ya ce. "Rana ta yi sanyi. Ruwa ya ƙaru."

"Me muka gani?" in ji Nas.

Tela ya dubi koren maɓallin. Shekaru yana ƙago sarakuna da aljanu ba tare da ya yi tunani ba, yau ga maɓalli ɗaya ya gagare shi. A waje wani ya leƙo, ya ga ba a aiki, ya wuce.

"Turken yana nan," ya ce daga baya. "Igiyar ma tana nan. An kwance ta, ba tsinkewa ta yi ba. An naɗe ta a kan turken, naɗin banza, irin nasa."

"Kwale-kwalen fa?" in ji Nas.

"Babu."

Direba ya share hanci da bayan hannu. "Ɗan banza. Ya gudu mana da jirgi."

"Ya haye," in ji Tela.

Ya zare fil ɗin. Maɓallin bai da nauyin komai. Ya riƙe shi a kan gwangwani, ya fasa, ya sa a aljihun gaban rigarsa inda yake ajiye alli. Ya jira ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa. Sai dai ya ji yunwa, wadda rabonsa da ita ya manta.

"Ciro wayar," ya ce wa Direba. "Rubuta musu. Littafinsu ya faɗi yadda jarumi ke mutuwa in takobi ya same shi. Bai faɗi yadda za a yi da jarumin da ke raye, mai shi kuma ba zai dawo ba. Su sa shafi ɗaya a kan wannan."

Direba ya danna a hankali, bai ƙara ko kalma tasa ba.

"Na takobina ka tura?" in ji Nas.

"Na tura."

"To Yaya, ga mu a bakin kogi babu jirgi. Ya za mu yi?"

Tela ya tura mata ɗan lidon.

"Jefa mu gani ko kin iya iyo."