Ƙofar da Babu Ƙusa

Ni kafinta ne. Shekara hamsin ina riƙe da zarto. Ba na zuwa inda ba a kira ni ba. 'Yar ƙanena ce ta matsa, wadda na riƙe tun rasuwar ubanta.

"Baffa, sai ka je gidan tarihin gunduma. Sun ajiye ƙofarka."

Ta ɗauke ni a motarta. Muka wuce ɗakin tsofaffin garemani, da sikelin kasuwa, da wayar tarho ta farko da ta shigo garin. Ban tsaya ba. A ɗaki na uku na gan ta jingine da bango, an kewaye ta da jar igiya: ƙofar tsohuwar kotu. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinta.

Karatuna bai kai na ƙananan baƙaƙe ba, ita ta karanta mini allon bayanin da ke gefen ƙofar. Sunana ne a kai.

A shagonmu haka ake yi: duk abin da zai fita, tambarin babba ake ƙona masa da ƙarfe. Ni ne babba. Amma wata ukun da aka yi ana haɗa ƙofar nan, ina kwance da karaya a ƙafa. Ƙanena ya yi ta shi kaɗai. Na tashi na buga tambarina. Da alƙali ya yaba mini a gaban jama'a, na ce na gode. Ƙanena yana tsaye a bayana. Bai ce uffan ba har ya koma ga Allah.

Mai kula da gidan ya zo da littafi a hannu.

"Baba, yau mun yi gam da katar. Kafintoci uku sun duba mahaɗin nan, sun sara. Yaya ka yi shi?"

"Faɗa masa mana, Baffa," in ji ta, tana dariya. "Ko da sirrin za a binne ka?"

Na leƙa mahaɗin. Shekara arba'in ina satar kallonsa, ban taɓa gane shi ba.

"Ban sani ba."

"Tsufa ke nan."

"Ba tsufa ba ne. Ubanki ya yi ta. Ni ƙarfe kawai na ɗora."

Dariyar ta ɗauke. Mai kula ya yi gyaran murya.

"Baba, ba a canza allo da fatar baki. Sai da shaida."

"Shaidun duk suna ƙasa. Ni na rage. Rubuta, in dangwala."

Ya rubuta, na dangwala. 

"Tun ina yarinya nake ce wa mutane ubana bai bar komai ba," in ji ta. Ba ni take kallo ba.

Ta tsallake igiyar, ta ɗora tafinta a kan katakon. Mai kula bai hana ta ba. Ni na fita na zauna a benci.

Ta daɗe. Da ta fito idonta ja. Ta wuce ni, ta shiga mota, ta zauna. Ba ta tayar ba. Can na gane jirana take. Na buɗe ƙofar baya na shiga.