Ledar Sharar Gidan Kameyama

Ranar Alhamis ta uku da zuwana aka fara dawo mana da ledar shara. Na buɗe ƙofa zan tafi jami'a, sai na gan ta a kan dakali, an manna mata jar takarda. A gefenta ga sunan gidanmu, Kameyama, da rubutun Inna Fusae mai kyau kamar na bugawa.

A unguwarmu kowa yana rubuta sunan gidansa a kan ledarsa. Litinin da Alhamis abin ƙonawa, Laraba gwangwani da kwalba. In motar shara ta ga an cakuɗa sai ta bar ledar, wanda yake da aikin makon ya ɗauko ta ya kai wa masu ita har ƙofa, kowa yana kallo ta taga.

Sunana Wulan. Daga Semarang na zo, a Indonesiya, cikin ɗaliban musaya da za su shekara guda suna koyon Japananci. Ofishin jami'a ne ya sauke ni a gidan Inna Fusae, tsohuwa mai shekara saba'in da takwas da mijinta ya rasu. Ita ta ce in kira ta Inna tun ranar farko, ni kuwa sai da na yi mako guda kafin bakina ya iya.

Wanda ya kawo ledar yana tsaye a bakin titi, hannuwa a baya. Horiuchi-san ne, tsohon mai raba wasiƙu, ajinsu ɗaya da Inna tun firamare.

"Fusae-chan," ya ɗaga murya ta saman kaina, "fito ki ga aikin baƙuwarki. Gwangwanin kifi har uku a cikin ɓawon kankana."

Inna ta leƙo tana goge hannu. "Kai Horiuchi, da sassafen nan? Ba ka da sana'a sai leƙa sharar mutane?"

"Makona ne."

"Kullum makonka ne. Shekara arba'in kana kai wasiƙar wannan gida wancan, wa ya taɓa manna maka jar takarda a goshi?"

"Ni dai ki koya mata. A nan ba a yin haka."

"Yarinya ce, za ta koya."

Ban taɓa buɗe gwangwanin kifi a gidan ba. Ban ma taɓa ɗaure leda ba, Inna ba ta bari. Amma suna kallona su biyu, kuma a duk Japanancin da na koya ban fi ƙwarewa a komai ba kamar ban haƙuri. Na rusuna na ce laifina ne, ba zan sake ba. Na ɗauka abu ne na rana ɗaya.

Ni ba mai yawan magana ba ce, saboda haka ina ganin abubuwa. Kowace safiya Inna tana ɗebo shinkafa a ɗan ƙaramin kofi ta ajiye gaban hoton mijinta, ta gaya masa yadda gari ya waye. Wata safiya na ƙirga, sau uku ta kai masa. Na sami takalminta ƙafa ɗaya a cikin firiji. Wata rana na dawo daga aji na tarar da butar shayi ta ƙone ƙurmus a kan murhun gas, ita kuma tana bayan gida tana hira da kyanwar maƙwabta. Na kashe wutar, na kankare butar, na buɗe tagogi. Da ta shigo sai ta ce, "Wulan-chan, sanyi fa ake yi, ku mutanen ƙasar zafi ba kwa jin tsoron mura?"

Na fara tashi kafin ita ina kwance ledar ina sake rabawa. Amma ajina na ƙarfe tara ne, jirgin ƙasa kuma bakwai da rabi, ita kuwa takan ɗaure wata ledar bayan na fita, ta rubuta suna tsaf, ta kai. Jar takarda ta biyu. Ta uku. A ta huɗu ƙaramar tukunyar gas aka samu a cikin abin ƙonawa, Horiuchi-san bai yi wasa ba ranar. Ya ce irin wannan ce take tayar da wuta a cikin mota. Na rusuna har na ga igiyar takalminsa.

Wata Asabar da rana ina tsugune a bayan gida da safar hannu, ina tsince shara, sai na zaro tabaraunta daga cikin ganyen shayi. Ban ji zuwanta ba. Tana tsaye da kwandon wanki, tana kallon tabaraun a hannuna.

"Ni ce, ko?"

Na ce a'a, wataƙila faɗuwa ya yi.

"Kar ki yi mini ƙarya da ladabi, ban koya miki wannan ba." Ta ajiye kwandon ta zauna a bakin baranda. "Duk jajayen takardun nan, ni ce."

Na sunkuyar da kai.

"Chizuru za ta ɗauke ni," ta ce. Chizuru 'yarta ce guda ɗaya, tana aiki a Osaka. "Ta nuna mini gidan tsofaffin a waya. Bene na goma sha ɗaya. Tagoginsu ba sa buɗuwa, wai kar tsofaffi su faɗo. A gidan nan aka kawo ni amarya, Wulan-chan. Kar ki gaya mata. Kin ji?"

Na ce na ji.

Da yamma ta yi mini miyar kifi, tana waƙa. Na lura ba ta tuna mun yi maganar ba. Ni kaɗai na rage da alkawarin.

A farkon watan sha ɗaya aka kira ni ofishin ɗaliban waje. Egawa-san, matar da ke kula da mu, ta ba ni shayi, ta tambaye ni karatu, ta yaba rubutuna. Sannan ta ce an yi taron unguwa, kuma an turo musu takardar koke a kaina game da shara. Ba wai ana fushi da ni ba ne, in ji ta, kowa ya san al'adu sun bambanta. Sai dai jami'a tana zaman lafiya da unguwar nan shekara da shekaru. An sami ɗaki a masaukin ɗalibai, zan koma ƙarshen wata.

"A can akwai hotuna a jikin kowane kwandon shara," ta ce tana murmushi. "Zai fi miki sauƙi."

Na buɗe baki. A aji mun koyi yadda ake ƙin gayyata ba tare da an ce a'a ba, da yadda ake magana da shugaba, da yadda ake rubuta wasiƙar godiya. Ba mu koyi yadda ake cewa tsohuwar da ta ciyar da ni tana mantuwa, kuma in na tafi ba mai kashe mata murhu ba. In na yi shiru za ta zauna ita kaɗai da wuta. In na faɗa, bene na goma sha ɗaya. Na ce na gode da kulawa, na sha shayin har ƙasa don kar a ce na raina.

Makonni ukun da suka rage na yi su ina rubuta ƙananan takardu. Na manna ɗaya a jikin murhu, ɗaya a ƙofa, ɗaya a kan kwandon shara da ranaku manya-manya. Inna ta bi su da jan biro tana gyara mini rubutu. "Wannan layin daga sama ake jawo shi," ta ce. Bayan ta gyara sai ta ciccire su ta adana a aljihun tebur, wai aikin makarantata ne.

Chizuru-san ta zo ranar da zan tashi, da mota da akwatunan alewa guda shida. Tare muka bi gidajen layin, tana miƙa akwati tana ba da haƙuri a kan damuwar da gidansu ya jawo, ni ina bayanta ina rusunawa. Horiuchi-san ya karɓi nasa yana sosa ƙeya.

"Ni fa ban ce a kore ta ba," ya ce. "Cewa na yi a koya mata." Ya kalle ni. "Ki riƙa cin abinci, kin rame."

Da muka gama, Chizuru-san ta ce in raka ta ta sa mai a mota. A hanya ta yi ta magana a kan cunkoson Osaka. Tun dare uku nake haɗa jimlar, na duba ƙamus, na haddace. Da muka tsaya a jar wuta na faɗe ta gaba ɗaya, da sauri, kamar mai karanta allo: ba ni nake cakuɗa sharar ba, Inna ce, kuma ta bar wuta a kunne sau huɗu.

Ba ta juyo ba. Wutar ta koma kore, ta ja motar, ta gangara gefen titi kusa da gonar shinkafar da aka girbe, ta kashe.

"Na sani," ta ce.

Na kalle ta.

"Tun bazara na sani. Likita ya gaya mini. Ni na cike takardar neman ɗaliba, ba ita ba. Na ce in akwai mutum a gidan, ko shekara guda ce ta ƙara a ɗakinta." Ta cire tabarau ta murza idanu. "Na yi miki rashin adalci. Ban gaya wa ofishinku ba, don na san ba za su turo kowa ba."

"To mu gaya musu yanzu," na ce. "Mu ce ba ni ba ce. Sai su bar ni in zauna. Zan iya, ina tashi da wuri."

"In sun ji ke ce, sun ɗauke ki. In sun ji ita ce, za su ɗauke ki da gudu. Wace jami'a ce za ta bar ɗalibarta da mai mantuwa da murhun gas?" Ta yi 'yar dariya marar daɗi. "Da kin bari an gane ita ce tun farko, da Horiuchi ya rufa mata asiri. Shi zai riƙa raba mata sharar da hannunsa, yana zaginta. Mutanen layin nan ba sa kai ƙarar nasu. Baƙo suke kaiwa."

Ban taɓa tunanin haka ba. Wata biyu ina rusunawa, ina jin kamar katanga nake gina mata.

"Yaushe za ki ɗauke ta?" na tambaya.

"Gidan tsofaffin sun ce za a sami gado kafin sabuwar shekara. Zan ɗauki hutu in zauna da ita zuwa lokacin." Ta tayar da motar. "Ta roƙe ki kar ki faɗa, ko? Ni ma ta roƙe ni kar in gaya miki."

Da muka dawo Inna tana ɗakin girki. Akwatina biyu suna bakin ƙofa, ta wuce su sau da yawa ba ta tambaya ba. Ta dunƙula mini shinkafa guda uku, ta naɗe a ƙyalle mai zanen furanni, ta ɗaure bakin da kyau.

"Na sa miki kifi a biyu, ɗayan babu komai, in cikinki ya ƙi," ta ce. "Chizuru, ki tuƙa a hankali, ba Osaka ba ce nan."

"To, Mama."

Chizuru-san ta sa akwatunan a bayan mota. Na tsaya a bakin ƙofa da takalmi a ƙafa. Na shirya doguwar godiya irin wadda ake yi wa wanda ya riƙe ka, malamarmu ta duba mini ita har sau biyu. Na rusuna na fara, na kai tsakiyar jimla ta farko.

"Me ye haka kamar mai tafiya yaƙi?" Inna ta katse ni, ta gyara mini wuyan riga. "Jeki kar ki makara. Ki dawo da wuri yau, kabewa zan dafa."

Chizuru-san tana tsaye jikin mota, ta kau da kai tana kallon wayoyin lantarki.

Na haɗiye sauran godiyar. Na faɗi abin da mai fita yake faɗa kowace safiya.

"Zan je in dawo, Inna."

"A dawo lafiya," ta ce.

Ta fito har bakin titi da silifas ɗin cikin gida. Ta madubin gefe na ga tana ɗaga hannu, tana ƙanƙancewa, har muka sha kwana.