Minti Arba'in na Malam Tsoho

Ban taɓa ɓoye wa kowa halina ba: idan aka raina ni, ba na hucewa da wuri. Inna ta yi faɗa har ta gaji ta sa mini ido. Shekara shida ke nan ina gyaran kwamfuta a shagona na Gummi, amma har gobe akwai masu leƙowa su gan ni da sukudireba a hannu, su tambaye ni ina mai shagon ya tafi. Da irin wannan zuciyar na isa Anka ranar wata Talata, bayan Malam Abdulrashid, shugaban wani ofishin rajistar manoma, ya kira ni sau uku a waya.

Kukansa guda ne. Kwamfutar da ake shigar da sunayen manoma, idan an kunna ta ƙarfe takwas, sai tara saura ake fara aiki. Tana cin minti ashirin da biyar kafin ta nuna wurin sa lambar sirri, in an sa kuma ta ƙara sha biyar tana juya ɗan zobenta. Ma'aikata sun mayar da wannan lokaci na shan shayi. Manoma kuwa, waɗanda suka taso tun asuba daga Adabka da Duza a kan babur, suna zube a gindin darbejiya suna jira.

Mai kwamfutar wani dattijo ne dogo, siriri, da tabarau mai kauri, ana ce masa Malam Tsoho. Tun zamanin tafireta yake buga takardu. Na yi sallama, na durƙusa na gaishe shi kamar yadda aka koya mini a gida. Bai amsa ba. Sai ya juya wajen Malam Abdulrashid, ya ɗaga murya yadda na waje ma za su ji.

"Wagga yarinya ta anka ɗauko muna? Maza sun ƙare Gummi?"

Aka kwashe da dariya, har da manoman da ke leƙe ta taga. Na ji kunnuwana sun yi zafi. Na ajiye jakata, na ja kujera. A raina kuwa na riga na rantse sai kwamfutar nan ta tashi kafin mutum ya gama miƙa.

Na kashe ta na sake kunnawa, na sa agogon wayata. Minti arba'in da ɗaya cif. Duk ofishin ya watse zuwa teburin mai shayi, aka bar ni da dattijon da wata mata mai shara, Sahura, wadda ta kai shekara hamsin. Na lura tana ta share wuri ɗaya kusa da teburinsa, tana satar kallona. Na ɗauka gulma ce irin ta ofis.

Da kwamfutar ta buɗe, na shiga jerin manhajojin da ke tashi tare da ita. Talatin da bakwai! Masu maganin bairos har guda uku, kowanne yana binciken ɗan'uwansa. Manhajar firintoci biyu da babu su a ofishin. Wata ta sauke waƙoƙi, wata ta hasashen yanayi, wata ma ta wasan kati. Jinkirin da ke biyo bayan lambar sirri kuwa, ashe neman wata babbar kwamfuta take yi ta wani shiri da aka rufe tuntuni. Kullum sai ta yi ta kira ba a amsa ba, har ta gaji ta haƙura. Aikin awa ɗaya ne, bai ma kai a kira ni daga Gummi ba.

Amma wani abu ya tsaya mini. Na duba ranar da aka zuba waɗannan tarkace, sai na ga kusan duka rana ɗaya ce, shekara biyu da suka wuce, cikin awa guda. Kwamfuta ba ta tara shara haka da kanta. Wani ne ya zauna ya cika ta da gangan.

Na juya na kalli Malam Tsoho. Yana kallon wajen da nake, amma ba fuskata yake kallo ba, ɗan gefe kaɗan. Sahura ta daina shara.

"Baba," na ce, "wa yaz zuba mata wagga shara?"

Sai ya ce wa Sahura ta tura ƙofa. Muryar da ya yi mini magana da ita ba ita ce ta ɗazu ba.

"Ɗiyata, ni as sa. Wani mai gyaran waya na kai ma ita Bukkuyum, nic ce ya nauyaya ta. Idanuna sun tahi. Hazo nika gani, rubutu ko sai in ya yi girma ƙwarai."

Ya bayyana mini komai, Sahura tana cike masa inda ya tsallake. Yatsunsa sun san madannai tun zamanin tafireta, ba ya buƙatar kallo. Manomi zai faɗi sunansa da ƙauyensa da girman gonarsa, shi kuma ya buga, ya san sau nawa zai danna ya tsallaka gida na gaba. Abin da ya gagare shi takarda ce. To a cikin minti arba'in ɗin nan da kowa ke wajen shayi, Sahura, wadda ta yi sakandare kafin aure, take karanta masa duk wasiƙu da fom ɗin ranar, shi kuma ya haddace. Shekara biyu suna haka, ba a taɓa kama shi da kuskure ko ɗaya ba.

"Wata bakwai ya rage in aje aiki da mutuncina," ya ce. "In Abdulrashid ya gane, ko sati ba ni ƙarawa, ya daɗe shina son kujerag ga ma wani nashi. Ki ce musu ba ta gyaruwa. Ko ki rage mata kaɗan, ki bar man minti ashirin. Abin da nic ce ɗazu, tsoro na, so nike ki yi hushi ki koma. Ki yahe man."

Gaskiya zan faɗa, tunda na ɗauko faɗa. Na ji tausayinsa, amma na ɗan lokaci. Abin da ya fi ƙarfi a kunnena dariyar nan ce ta bakin taga. In na fita na ce ba ta gyaruwa, me za a ce a Anka? An kawo mace daga Gummi ta kasa. Shi ya zage ni a gaban jama'a, yana neman gafara a bayan ƙofa.

"Baba," na ce, "ai maza sun ƙare Gummi. Mu mata ba mu iya rabin aiki ba."

Sahura ta kira sunana ta ce, "Shamsiyya, ki ji tsoron Allah." Ban ko kalle ta ba.

Na bi manhajojin nan ɗaya bayan ɗaya na kashe. Na cire masu maganin bairos biyu na bar ɗaya. Na yanke kiran da take yi wa kwamfutar da ta mutu. Na share tarkacen da ya cika mata ciki, na buɗe ta na busa ƙura. Duk wannan lokaci dattijon yana zaune, hannuwansa a kan gwiwa. Ina jin daɗin aikin, wallahi ina jin daɗinsa, har wata 'yar waƙa nake yi a maƙoshi.

Da na gama na aika a kira kowa. Ma'aikata suka shigo da kofunansu, manoma suka cika taga. Na ce Malam Abdulrashid ya riƙe agogo da kansa, na danna. Daƙiƙa ashirin da biyu, ga wurin lambar sirri ya bayyana. Aka yi tafi. Wani manomi daga Adabka mai suna Makau ya ce, "Kai! Ashe yarinyag ga aljana ta!" Na ji kaina ya yi girma.

Da a nan na tsaya, da wataƙila ya lallaɓa. Yatsunsa sun san tsohuwar lambar, Sahura kuma za ta iya neman wata dabara. Amma ban tsaya ba. Na ce wa shugaban lambar sirrin ta shekara shida ba a canza ba, wannan ganganci ne. Hakan gaskiya ne, kowane mai gyara zai faɗa. Sai dai na san dalilin da ya sa na faɗa a lokacin. Na sa sabuwa mai tsawo, da manyan baƙaƙe da ƙanana da alamomi, na rubuta a 'yar takarda da ƙaramin rubutuna, na miƙa wa Malam Tsoho a gaban kowa.

"Bisimilla, Baba. Shiga mu gani."

Ya karɓa. Ya kai ta kusa da tabarau, ya matsar, ya sake kawowa har ta taɓa hancinsa. Ya juya ta wajen hasken taga. Sahura ta matso da tsintsiyarta kamar za ta share ƙarƙashin teburin, Malam Abdulrashid ya ɗaga mata hannu.

"Tsaya nan, Sahura. Malam Tsoho, karanta muna abin da ke rubuce."

Bai iya ba. Ya faɗi harafin farko daidai, ina jin sa'a ce, na biyu ya kuskure. Wani daga cikin ma'aikatan ya yi 'yar dariya ya haɗiye. Shugaban ya ɗauko wata wasiƙa daga tebur, mai manyan baƙaƙe a kai, ya ɗora masa a hannu. Ita ma haka. Sai shugaban ya girgiza kai, yana murmushin da bai iya ɓoyewa ba.

"Ashe ba kwamfuta ad da ciwo ba," ya ce.

Malam Tsoho ya ajiye takardun biyu a kan madannai, ya laluba hularsa, ya miƙe. Da zai fita ya bugi bakin ƙofa da kafaɗa, ƙofar da ya yi shekaru yana wucewa lafiya. Manoman suka buɗa masa hanya. Ni kuwa shugaban ya raka ni har bakin titi yana sa mini albarka, ya ce zai ba duk ofisoshin Anka lambata.

Ya kuwa cika alkawari, aiki ya buɗe mini. Bayan sati biyar na koma ofishin gyaran firinta. Ƙanen matar shugaban ne a kujerar. Kwamfutar tana tashi cikin daƙiƙa ashirin da biyu, shi kuma yana shigowa ƙarfe goma, manoma suna nan a gindin darbejiya kamar da. An sallami Malam Tsoho tun a satin da na gyara kwamfutar. Sahura an bar ta da gargaɗi. Ba ta amsa gaisuwata ba, sai da zan tafi ta tare ni ta ce, "Shina son ganinki."

Na so in ƙi, amma na bi ta. Yana zaune a zauren gidansa a kan tabarma, ya rame, babu tabarau. Ya gane ni tun daga sallama. Na shirya jin zagi, har na tanadi amsa. Bai zage ni ba. Ya tambayi Inna, ya tambayi hanya, sannan ya gyara zama.

"Tambaya guda gare ni, ɗiyata. Wani ya ce man akwai abin da aka taɓawa cikin kwamfuta, rubutu ya yi manya-manya, har mai ido irin nawa ya karanta. Wai har ta iya karanta ma mutum da murya. Gaskiya na?"

Na san da shi. Na san da shi tun ranar, tun lokacin da ya ce rubutu sai ya yi girma yake gani. Ya faɗo mini a rai ina tsakiyar kashe manhajoji, na ture shi gefe.

"Gaskiya na, Baba."

"Cikin wagga tamu ma akwai shi?"

"Akwai."

"Minti nawa zai ɗauke ki ki sa man?"

Sahura tana tsaye a bakin zaure, ta harɗe hannu tana jira.

"Bai kai minti guda ba," na ce.

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka faɗa wa farashin gero. Sannan ya ce wa Sahura ta kawo mini ruwa, na yi tafiya mai nisa.