Mu Ƙaddara Akwai Wuta

Shekarata uku ina karatun injiniyan lantarki a jami'a, amma ko sau ɗaya wuta ba ta taɓa ja na ba. Ta ina za ta ja ni? Na'urorin ɗakin gwajinmu a lulluɓe suke da leda, kowace da takarda a goshi: KAR A TAƁA. Ran da aka buɗe mana ɗakin babu wuta, ran da aka kawo wuta mai makulli bai zo aiki ba. Sai malaminmu ya tsaya gaban allo ya gyara tabarau ya ce, "To, mu ƙaddara akwai wuta." Mu ƙaddara mun haɗa wayoyi, mu ƙaddara allurar mita ta motsa, mu rubuta sakamako. Da haka na zama gwanin ajinmu.

Da na zo hutu na ba Mama labarin, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ita ba ruwanta, tun ina aji ɗaya a jami'a ta manta sunana, sai dai Injiniya. Tela ce, kuma tun da gwiwarta ta fara ciwo ta sa wa kekenta ɗan injin lantarki don ta huta da takawa.

Ranar Laraba da safe keken ya tsaya cak, ga rigunan makaranta guda talatin da ta yi alkawarin gamawa kafin Juma'a. Kawu ya ce a kira mai gyaran da ke bakin titi.

"Da injiniya a gida?" in ji Mama. "So kake unguwa ta yi mana dariya?"

A nan ya kamata in faɗi gaskiya, amma sunan nan ya yi mini daɗi. Na ari sukudireba, na kwance injin daga jikin keken, na baje hanjinsa a kan faranti. Ƙusoshi a kofi, wani ɗan sifirin ya yi tsalle ya shige inda Allah kaɗai ya sani. Na cika shafi uku da lissafi. Duk wadda ta leƙo, sai Mama ta rage murya ta ce, "A hankali, Injiniya na kan aiki."

Da la'asar na sanar cewa matsalar mai zurfi ce. Kawu ya fita ya dawo da mai gyaran, wani dattijo mai tastar gwada wuta a aljihun riga. Ko kallon farantina bai yi ba. Ya zura tastar a soket ɗin bango, ba ta kawo haske ba. Ya kwance marfin, ya ɗaure wata waya da ta sake, haske ya kawo.

"Soket ne kawai, wuta ba ta shigowa," ya ce. "Ɗana, ba ka gwada ba kafin ka buɗe?"

Ban gwada ba. Na ƙaddara akwai wuta.

Sai a lokacin ya tsuguna gaban farantin, ya ɗaga wata siririyar wayar tagulla da na tsinke, ya girgiza kai. "Da injin nan lafiyarsa ƙalau. Yanzu kam sai sabo, kuma ba na jin za a samu kafin mako mai zuwa."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Mama ta tashi ta lalubo tsohon bel a ƙasan akwati, ta maƙala wa keken, ta ɗaure gwiwarta da ƙyalle. Ta ɗora ƙafa a mataki, na ga ta cije leɓe kafin keken ya fara juyawa.

"Mama, ki yi haƙuri," na ce.

Ba ta ɗago ba, ta tura riga ta farko ƙarƙashin allura.

"Ba komai, Injiniya," ta ce. "Mu ƙaddara ka gyara."