Yatsan Goggo Suwaibatu

Shekarar da sojoji za su miƙa mulki ga farar hula aka ce mata ma su fito zaɓe. Goggo Suwaibatu, mai daddawa a Mabai, ta fi kowa murna. Shekara sittin ba wanda ya taɓa neman ra'ayinta kan abin da ya wuce miya, yau ga gwamnati guda tana jiran yatsanta!

To, ƙanenta Audi ya dawo daga Kaduna da sabuwar besfa da baki har kunne. Ya riga ya yi wa manyan jam'iyyarsu a Ƙanƙara alkawarin ƙuri'un gidansu kaf. Ya san halin yayarsa sarai, sai ya lallaɓa ta zuwa zauren liman, Malam Gide, wai ta dafa Alƙur'ani ta rantse ɗan takararsa za ta zaɓa. Goggo ta bi shi zuciyarta na tafasa, don ba ta iya musu gaban malami.

Malam ya saurara har Audi ya gama zuba. Ko kallon gafakar bai yi ba. Ya ce Littafin Allah ba igiyar ɗaure akuya ba ne, kuma wanda aka tilasta wa zaɓi bai zaɓi komai ba. Goggo kuwa har ta fara gyara mayafi tana yi wa Audi gwalo, tsofai-tsofai da ita.

"Tsaya, Goggo," in ji Malam. "Labulen ɗakin zaɓe Audi yake tare wa ido. Allah na ciki tare da ke. Wanda kika san zai riƙe amana, shi za ki dangwala wa."

Nan kunya ta rufe ta. Ashe 'yan ɗaya jam'iyyar sun ba ta turmin atamfa, shi ne duk dalilinta. Da la'asar ta ɗauko shi, ta shafa, ta sake shafawa, wallahi yana da kyau, sannan ta mayar musu da abinsu.

Ranar zaɓe ta daɗe bayan labule har layi ya fara gunaguni. Ta fito da tawada a yatsa, Audi ya tare ta.

"Yaya, don Allah wa kika zaɓa?"

"Wanda ya kamata ya sani ya gani," ta ce. "Tada besfar ka kai ni gida."