Sunan da Inna Safara'u Ta Ƙi Faɗa

Da aka ce wa Inna Safara'u za a zo a auna Fillancinta, sai da ta yi tsaki. Harshe nono ne da za a sa masa ludayi? Amma jikarta Mashkura ta yi ta magiya, wai idan tsofaffin rugarsu ta gefen Taura suka gane Fillancin Kamaru, za a kawo wa makarantar yaran littattafan da aka buga can. In ba su gane ba, a kai wani wuri.

Mai awon, Dominic, ya zo daga Dutse da hantsi, ya durƙusa ya gaishe ta, ya kunna waya. Wani dattijon Garwa ta Kamaru ne ke ba da labarin makiyayin da saniyarsa ta ɓata. Inna ta ji shi tsaf, har ta yi dariya inda saniyar ta dawo da ɗan maraƙi. Sai dai sunan makiyayin Bubayero, sunan ɗanta na fari, uban Mashkura.

"Mama, ya sunan makiyayin?" in ji Dominic.

Ta kau da kai. Ta zayyano labarin daga kai har wutsiya, ko'ina tana cewa "uban wannan", tana nuna Mashkura da haɓa.

"Mama, sunan nake so. Ƙa'ida ce, kowa sai ya faɗa da bakinsa."

Ranta ya ɓaci ƙwarai. "Ɗan nan, ni na haife shi, ni na goye shi. Ranar da ya faɗa rijiya ma ban kira sunansa ba, ihu na yi. Sai yau, don wayarka? Rubuta ban ji ba!"

Shi ma Dominic yana so littattafan su zo. Ya juya wurin Mashkura, wadda ta yi boko a Dutse, ya ce ko ita ta faɗa a madadin kakarta.

Mashkura ta buɗe baki. Inna ta zuba mata ido. Yarinyar ta dubi ƙasa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Sunan Baffa ne," ta ce a hankali, don haka take kiran ubanta.

Daɗi ya kama Inna har ƙwalla. Ta tura wa baƙon ƙwaryar fura.

"Sha, ɗan nan. In ka koma ka ce musu mu biyu ne ba mu ji ba."